Wace ƙaramar kyamara ce ta dace da hidimar gida a nan Saudiyya?

Maman Yara (Jidda):

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa mazauna wannan zaure, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar hoto. Ina so in sayi ƙaramar kyamara, irin wadda ake jefawa a jakar hannu kuma ba a canja mata gilashi, domin hidimar yau da kullum: yara idan suna wasa, taron suna ko walima a istiraha, wato gidan taron da ake haya, da ɗan yawon da muke yi zuwa Ɗa'if lokacin hutu. Abin da ya jawo wannan tunani shi ne walimar saukar Alƙur'ani ta babban ɗana, wadda aka yi bayan sallar isha'i. Na ɗauki hotuna masu yawa da wayata, amma da na zauna zaɓen waɗanda zan aika wa mahaifiyata a Kano, sai na tarar duk wanda yaro ya motsa a cikinsa ya fito dishi-dishi, fuskokin kuma kamar an shafa musu mai. Abin da na ware bai wuce riyal 3,000 ba. Na leƙa shagon Jarir da kasuwar intanet ta Noon, na ga kyamarori biyu da kowacce aka rubuta mata megafiksel 20, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar, kuma mai arahar ce ma aka ce tana jawo nesa har ninki 40. A ina bambancin yake?

Ɗalibi (Madina):

Wa alaikumus salam, Hajiya. Da farko ina taya ku murnar sauka, Allah ya sa mai amfani ce. Ni dai a ganina, kafin ki fitar da kuɗin nan, ki tambayi kanki ko za ki riƙa ɗaukar kyamarar kullum, domin waya tana hannunki ko da yaushe, kyamara kuwa sai an tuna da ita, an yi mata caji, an saka ta a jaka. Ba banza ba kasuwar waɗannan ƙananan kyamarori ta durƙushe: alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, wato CIPA, sun nuna cewa a 2010 an fitar da sama da miliyan 100 na irinsu, amma a 2023 ba su kai miliyan 2 ba. Kamfanin Casio ma ya bar sana'ar gaba ɗaya a 2018. Da ni ne, sai in ƙara kuɗin a kan na sayen waya mai kyau, in huta da ɗaukar kaya biyu.

Tsohon Mai Hoto (Makka):

Wa alaikumus salam. Ɗana na Madina ya faɗi gaskiya a kan kasuwa, amma bai amsa tambayar Hajiya ba, kuma tambayar tata tana da amsa. Na fara wannan sana'a tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu, kuma abin da na koya a lokacin bai canja ba har yau: hoto haske ne, wanda ya fi tara haske shi ya fi hoto mai kyau. Adadin megafiksel ba ya gaya miki yawan hasken da kyamara take tarawa, iyakacinsa ya gaya miki ɗigo nawa aka raba hoton. Abu biyu ne suke da muhimmanci, kuma su ne masu talla ba sa rubutawa da manyan baƙaƙe.

Na farko shi ne girman farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar, wanda ake kira sensa. Yawancin ƙananan kyamarori masu araha, har da masu dogon zum, wato masu jawo nesa, irin wadda kika gani, suna da sensa da ake rubuta wa 1/2.3, wadda girmanta bai wuce milimita 6 da ɗan ɗori a tsawo da milimita 4 da rabi a faɗi ba, wato ba ta kai farcen ƙaramin yatsanki ba. Masu tsadar kuwa suna da wadda ake kira inci ɗaya, mai milimita 13.2 da 8.8. Idan kika lissafa fili, ta biyun ta ninka ta farkon kusan sau huɗu. Ki ɗauka ana ruwan sama, wata ta tara da kwano wata ta tara da baho. Duk su biyun za su iya raba ruwansu kashi 20, amma ba daidai kowane kaso zai kasance ba.

Na biyu shi ne faɗin ƙofar da haske ke shiga ta gilashin, wanda ake rubutawa da harafin f da lamba a gabansa. A nan lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Canon PowerShot G7 X Mark III, wadda ta fito a 2019, tana da f/1.8 zuwa f/2.8, ita kuwa Canon SX740 HS mai zum ninki 40 tana farawa ne daga f/3.3 ta ƙare a f/6.9. Tun kafin ki jawo komai, ta farkon tana shigar da haske fiye da ninki uku na ta biyun, sannan ga babbar sensa tana jiransa a ciki. Saboda haka a istiraha da daddare, ta farkon za ta iya ƙiftawa da sauri ta tsayar da yaro yana tsakar gudu, ta biyun kuwa dole ta bar ƙofa a buɗe na ɗan lokaci, kuma duk abin da ya motsa a wannan ɗan lokacin zai shafe. Wannan shi ne bambancin kuɗin da kika gani.

Game da fuskokin da kika ce kamar an shafa musu mai, aikin waya ne: idan haske ya yi ƙaranci, tana ɗaukar hotuna da dama a jere cikin ƙiftawar ido, ta haɗa su, sannan ta goge ƙurar da ta rage. Dabara ce mai kyau ga gini ko kwanon abinci da ba sa motsi. Yaro ɗan shekara biyar kuwa ba ya jiran kowa.

Direba (Riyad):

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar, amma ina so in ɗan kare masu dogon zum, domin ni irinsu nake riƙewa shekara da shekaru. Aikina yawo ne a kan hanya, kuma abin da nake son ɗauka yawanci yana nesa: raƙuma a gefen titin Ƙasim, birai a kan duwatsun hanyar Hada idan ana hawa Ɗa'if, ko sassaƙar da ke saman kaburburan Mada'in Salih a Al-Ula, inda ba a barin mutum ya hau ko'ina. A irin wannan wuri da rana tsaka haske ba ya ƙaranci, har ma ya yi yawa, don haka ƙaramar sensa ba ta zama matsala. Panasonic Lumix TZ99 tana kaiwa daga milimita 24 zuwa 720 a ma'aunin zum, inda babbar lamba ke nufin ƙarin jawo nesa, wato ninki 30, kuma tana shiga aljihun jallabiya. Wannan kam babu wayar da ke yin sa da gilashi na gaskiya. Abin da waya take yi bayan ta ƙure nata gilashin shi ne yanke tsakiyar hoto ta faɗaɗa shi. Idan Hajiya za ta sayi abin da waya ba ta iyawa, ai zum shi ne kan gaba.

Tsohon Mai Hoto (Makka):

Malam, ban ƙi taka ba, kuma ga mai irin aikinka ita ce daidai. Amma ka sake duba abin da Hajiya ta lissafa: wasan yara, suna, walima. A ƙasar nan yaushe ake taro? Sai rana ta faɗi, galibi ma bayan isha'i, a cikin ɗaki ko a farfajiya mai fitilu biyu uku. Tafiyar Ɗa'if sau ɗaya ce ko biyu a shekara. Idan ta sayi mai dogon zum, za ta dawo wannan zaure bayan wata guda da irin kukan da ta zo da shi, wataƙila ma ya fi, domin da daddare waya mai kyau takan fi irin wannan kyamara. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai matsakaiciya, Panasonic TZ200 ta 2018, mai sensa inci ɗaya da zum ninki 15, sai dai ƙofarta ita ma daga f/3.3 take farawa, don haka rabin maganin kawai ta bayar.

Ma'aikaciyar Jinya (Dammam):

Assalamu alaikum. Yaya, ni uwa ce kamarki, kuma akwai abin da maza ba su ambata ba tukuna: kyamarar da ke gidan yara ba ta uwa kaɗai ba ce. Ta farko da na saya, ba zan faɗi sunan kamfanin ba domin ba laifinsu ba ne, mun je bakin teku da ita, autana ya karɓa da hannu duk yashi, tun daga ranar gilashin ya daina komawa ciki, kuma kuɗin gyaran da aka yanka mini ya kusa kuɗin sabuwa. Duk kyamarar da gilashinta ke fitowa yana komawa tana da wannan rauni, domin motsin nan yana zuƙo ƙura, kuma kin san yadda iskar ƙasar nan take idan guguwar rairayi ta taso. Yanzu OM System Tough TG-7 nake riƙewa, wadda ta fito a 2023, magajiyar Olympus TG-6. Gilashinta a cikin jiki yake motsi, ba ya leƙowa waje. An yi ta ta jure nutsewa a ruwa har mita 15 da faɗuwa daga tsayin mita 2 da ɗan ɗori, kuma idan ta yi datti a famfo nake ɗauraye ta. Na san Baba zai ce sensarta ƙarama ce, kuma gaskiya ne, megafiksel 12 ce a kan 1/2.3, amma ƙofarta tana farawa daga f/2.0, wanda ya ɗan rage asarar. Ga mazauniyar Jidda da ke da Bahar Maliya a ƙofar gida, ban ga abin da ya fi ta kwanciyar hankali ba.

Maman Yara (Jidda):

Allah ya saka muku da alheri, kowa ya buɗe mini ido ta wani ɓangare. Ƙanwata ta Dammam, maganarki ta taɓa ni, domin nawa ma ba su da dama, amma babban abin da ke damuna shi ne hoton dare, kuma idan na fahimci Baba, a nan mai inci ɗaya ce ta fi. Baba, in haka ne, tsakanin Canon ɗin da ka ambata da Sony RX100 da nake ta gani, wacce zan duba? Na ga RX100 ɗin kanta iri-iri ce, da lambobin Romawa a gabanta, har na rikice.

Tsohon Mai Hoto (Makka):

Hajiya, ba ke kaɗai suka rikita ba. Sony ta fitar da RX100 ta farko a 2012, kuma ita ce ta buɗe wannan hanya ta saka sensa inci ɗaya a kyamarar aljihu. Daga nan ta yi ta fitar da sababbi har zuwa ta bakwai a 2019. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne gidan ya rabu biyu. Daga ta uku zuwa ta biyar, har da wadda ake kira VA, gilashinsu milimita 24 zuwa 70 ne mai f/1.8 zuwa f/2.8, wato masu son dare ne. Ta shida da ta bakwai kuwa an tsawaita zum ɗinsu zuwa milimita 200, amma ƙofar ta ragu zuwa f/2.8 har f/4.5. Saboda haka sabuwa ba lallai ta fi dacewa da ke ba. Ta bakwai ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma a walimar dare ta biyar za ta fi ta tara haske.

Tsakaninta da Canon kuwa, kowacce da inda ta yi fice. Sony, daga ta biyar zuwa sama, ta fi saurin kama fuskar mai motsi, kuma tun daga ta uku tana da 'yar tagar leƙe da ke fitowa daga sama, wadda ake kanga ido a kai. Kada ki raina wannan taga, domin da azahar a Jidda allon bayan kyamara ba ya ganuwa, sai dai mutum ya ɗauka da ka. Canon ba ta da tagar, amma zum ɗinta ya kai milimita 100, ta fi daɗin riƙo, jerin umarninta ya fi sauƙin fahimta ga wanda bai saba ba, kuma mutane da yawa sun fi son yadda take fitar da launin fata. A kan wannan na ƙarshe ina da ra'ayi: ga fatarmu, ba sunan kamfani ne ya fi muhimmanci ba. Idan mutum baƙi ya sa farar jallabiya, kyamara takan auna farin kayan ta rage haske, fuska ta dushe. Maganinsa wani maɓalli ne mai alamar ƙari da ragi. Ki ƙara kashi ɗaya bisa uku ko biyu bisa uku, za ki ga fuskar ta fito. Duk waɗannan da muke magana a kai suna da shi.

Ɗalibi (Madina):

Baba, na karɓi gyara a kan hoton yara da daddare, musamman da yake fitilar kyamara walƙiya ce ta gaske da ke tsayar da motsi, ba kamar ta waya da take tamkar tocila ba. Sai dai ina so Hajiya ta shirya wa maganar kuɗi. Lokacin da G7 X Mark III ta fito, dala 749 aka sa mata, wato kimanin riyal 2,800 tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce, RX100 ta bakwai kuwa dala 1,200, wato riyal 4,500, kuma a nan akwai harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari tun daga Yulin 2020. Bugu da ƙari, 'yan shekarun nan matasa sun koma yayin waɗannan kyamarori saboda TikTok da Instagram, kamfanoni kuma sun rage ƙera su, har ta kai G7 X takan yi wuyar samu, masu sayarwa su ɗora mata kuɗi fiye da na asali. Idan sabuwa ta gagara, a Haraj, dandalin sayar da kayan hannu, akan sami ta hannu.

Tsohon Mai Hoto (Makka):

Ta hannu ba laifi ba ce, amma zuwa da kai ya fi aike, kada a biya kafin a riƙe ta. Ki kunna ki kashe sau da yawa, ki saurari gilashin yana fita yana komawa. Idan kin ji ƙara kamar ana niƙa yashi, ki ajiye musu kayansu. Ki ɗauki hoton farin bango ko sararin sama da ƙofa a tsuke, kamar f/8 ko f/11, sannan ki faɗaɗa hoton a allo. Duk baƙin ɗigon da ya tsaya wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa, kuma a irin wannan kyamara sai an kwance ta gaba ɗaya kafin a share. Ki ciro batir ki ɗora a kan tebur ki ga ko ya kumbura. Ki kuma duba harsunan da ke ciki, domin akwai na Sony da aka yi don kasuwar Japan kaɗai, waɗanda ba su da wani harshe sai Japananci. Idan sabuwa ce, ki tambaya ko garantin na wakilin kamfanin ne a nan ƙasar, ki kuma adana faturarki, wato rasiɗin sayen.

Tunda a Jidda kike, ga wani abu da yake ruɗar mutane. Idan kika fito da kyamara daga ɗaki mai sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, zuwa waje mai zafi da laima, gilashin zai yi gumi nan take, hoto ya fito kamar cikin hazo. Ba lalacewa ta yi ba. Ki bar ta a rufe cikin jakarta na ɗan lokaci bayan kin fito, har jikinta ya ɗauki zafin waje, kuma kada ki goge da gefen mayafi. Sannan yawancinsu an rubuta su yi aiki ne tsakanin digiri 0 da 40, mu kuwa a nan Makka zafin bazara yakan haura 45, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya fi haka sosai. Kada a bar ta a mota, ko don batir ɗin.

Mai Kula da Zaure:

Assalamu alaikum. Muhawara ta yi armashi, sai dai ina so in tunatar da mu wani ɓangare da ya shafi duk wanda zai riƙe kyamara a ƙasar nan. Dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani ta hanyar ɗaukar hotonsa da waya ko makamancinta. A ɓangaren mata a wurin biki, a nemi izini kafin a ɗaga kyamara, kuma a kula da waɗanda suka faɗo a bayan hoto kafin a tura shi ko'ina. A Harami kuma hukumomi sun sha jan hankalin masu ibada da kada su shagala da hoto ko su tare wa jama'a hanya, saboda haka a bi umarnin askar, wato jami'an tsaro, idan sun yi magana.

Direba (Riyad):

Hajiya, tunda kin karkata ga mai inci ɗaya, ki bar wani abu a cikin riyal 3,000 ɗin domin kayan haɗi. Batirin waɗannan ƙanana ba ya wuce hoto 200 zuwa 300 a caji ɗaya, don haka na biyu wajibi ne a ranar taro. Katin ajiya kuma ki nemi mai alamar V30 ko U3 idan za ki ɗauki bidiyon 4K, kuma ki saye shi a shago sananne, domin na jabu sun yi yawa kuma ba a gane su sai ranar da hotuna suka ɓace. Idan za ki tafi gida hutu, batirin da ba ya cikin kyamara a jakar hannu ake saka shi, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Abin daɗin shi ne soket ɗin nan mai ƙafa uku iri ɗaya ne da na Najeriya, cajarki za ta shiga ba tare da an nemo mata mahaɗi ba.

Maman Yara (Jidda):

Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Jiya da yamma mun je da maigidan, na riƙe duka biyun a hannu kamar yadda Baba ya ce. Sony ta yi mini santsi da ƙanƙanta, har ina tsoron ta kuɓuce, tagar leƙen kuma sai na cire tabarau kafin in saba da ita. Canon ta zauna a hannuna, kuma ban sha wuya ba wajen gano maɓallin ƙarin hasken nan. Wadda ke kan kantar shagon ta nuni ce kawai, sun ce sai sabon kaya ya iso, na bar lambata. Ƙanwata ta Dammam, na ɗauki rabin shawararki: wannan ba za ta je bakin teku ba, kuma igiyarta ba za ta bar wuyan hannuna ba. Baba, saura tambaya ɗaya. Sunan jaririn ƙanwar maigidana yana tafe, kuma da daddare za a yi. Idan kyamarar ta iso kafin nan, a kan wane harafi zan ajiye abin murɗawar da ke sama?

Tsohon Mai Hoto (Makka):

Ki murɗa shi zuwa Tv, wanda a Sony ake kira S, ki sa saurin ƙiftawa a 1/250 na daƙiƙa idan yara suna zirga-zirga, ko 1/125 idan manya ne a zaune, ki bar ISO, wato ƙarfin karɓar haske na sensa, a kan Auto. Kada ki jawo zum da yawa, gara ki matsa kusa da ƙafarki, domin a farkon zum ne ƙofar take f/1.8. Idan wurin ya yi duhu ƙwarai, ki ɗaga fitilar kyamarar, amma kada tazararki da mutanen ta wuce taku uku ko huɗu, kuma ki kashe ta idan kin zo kan jaririn. Ki gwada duk wannan a falonki kwana biyu kafin ranar, da fitilun da kuke kunnawa da daddare, yaranki suna guje-gujensu. Allah ya raya jariri.